Ja a hagu, kore a dama: Fitilun da ke tsare rai idan jirgin ruwa ya yi dare

A watan Yunin 2023, 'yan biki fiye da 100 sun rasa rayukansu a Kogin Neja, a yankin Patigi da ke jihar Kwara, lokacin da jirginsu ya kife cikin dare suna komawa gida daga jihar Neja. Ranar 1 ga Oktoban 2024 kuma wani jirgi ɗauke da mahalarta Mauludi ya nutse kusa da Gbajibo, shi ma bayan duhu ya yi. Duk lokacin da irin haka ta faru, maganar lodi fiye da kima da rashin rigar kariya ce ke cika kafofin labarai. Batun fitila kuwa da wuya a ji shi.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, ta haramta jigilar fasinja da daddare. Amma wanda ya san garuruwan bakin kogi ya san kasuwa ba ta tashi da wuri, masunta da dare suke sana'arsu, mai naƙuda kuma ba ta jiran gari ya waye. Jirage na ci gaba da ratsa ruwa cikin duhu, da yawansu ba su da komai sai tocila ko hasken waya.

Ƙa'idar da duniya ke bi ta fito ne daga yarjejeniyar hana karon jirage ta 1972, wadda hukumar sufurin teku ta duniya, IMO, ta amince da ita, ta kuma fara aiki a 1977. Don teku aka tsara ta, amma ƙasashe da dama a kanta suke gina dokokin kogunansu da tafkunansu. Ta ce daga faɗuwar rana zuwa fitowarta dole fitilu su kasance a kunne, haka ma da rana idan hazo ko ruwan sama ya rage gani. Masu tuƙi a lokacin hunturu su lura da wannan.

Jirgi mai inji yana ɗaukar jar fitila a gefen hagu, koriya a gefen dama, fara a sama mai haska gaba, da wata farar a baya. Ba ado ba ne. An ƙayyade faɗin kowace: ta gefe digiri 112.5, ta sama 225, ta baya 135. Saboda haka matuƙi na iya gane inda wani jirgi ya dosa ko da bai ga jikinsa ba. Idan ka hango ja da kore a tare, jirgin kanka ya nufo. Idan fara kaɗai kake gani, mai yiwuwa bayansa kake bi, ko kuma a tsaye yake ya saki anga. Idan ja ce ta ɓullo ta hannun damanka, kai ne za ka ba shi hanya.

An sassauta wa ƙananan jirage. Wanda bai kai tsawon mita 12 ba, ya isa ya sa farar fitila guda mai haska kowane ɓangare, tare da ja da kore. Farar a hange ta daga kusan kilomita 3.7, na gefen kuma daga kusan kilomita 1.9. Wanda bai kai mita 7 ba, kuma gudunsa bai wuce kimanin kilomita 13 a awa ba, farar kaɗai ma ta wadatar. Kwale-kwalen da ake tuƙawa da filafili kuwa, abin da ake nema shi ne ya riƙe tocila ko fitila mai farin haske, ya nuna ta da wuri kafin a yi karo. Da wuri, ba sai ƙarar inji ta iso kansa ba.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Waɗannan fitilu aikinsu a gan ka, ba ka gani ba. Ba za su nuna maka kututturen da ke ƙarƙashin ruwa ba, irin waɗanda suka yi yawa a Tafkin Kainji tun da ruwa ya shanye dazuzzuka bayan kammala madatsar a 1968. Wannan sai rage gudu da sanin hanya. Babbar tocila na taimakawa wajen duba gaba lokaci-lokaci, amma barin ta a kunne ko dallare matuƙin wani jirgi da ita haɗari ne, domin ido na ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, haske mai ƙarfi kuma nan take yake rushe wannan sabo. Fasinjan da ya zauna a gaba yana latsa waya, shi ma yana rage wa matuƙi gani.

A ganina hujjar tsada ta yi rauni yanzu. Fitilun LED masu batir ko masu cajin rana sun cika kasuwanni, kuma ba sa cin wuta. Abin lura shi ne a ɗaga farar sama da na gefen, kada buhunan kaya ko kawunan fasinja su tare ta, kuma kada a musanya ja da kore, domin fitilar da ta yi ƙarya ta fi rashinta muni: sai mai tahowa ya kauce zuwa inda kake.

Ƙungiyoyin masu jirage da sarakunan ruwa su ne ke tsaye a bakin gaɓa kullum, sun san wanda ya tashi da lokacin da ya tashi. Duba fitilu kafin jirgin yamma ya bar tasha ba zai ɗauke su minti biyu ba.