Tsire, Balangu da Boga: Yaushe ne Nama Ya Gasu?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tashar mota a Gaya ko Ajingi da la'asar sakaliya ya san yadda cinikin tsire yake gudana. Mahauci ya kewaye tukuba da tsinkaye, garwashi yana ci a tsakiya, masu saye kuma kowa da irin tasa buƙatar. Wani zai ce a ƙara wa nasa wuta har ya yi ƙamas, wani kuma zai ce a cire masa da wuri don kada romon ya ƙone. A ganin jama'a wannan magana ce ta ɗanɗano kawai. Ga masanin ilimin halittu kuwa, magana ce ta rayuwa da mutuwar wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda suke biyo nama tun daga kwata har zuwa bakin mai ci.

Tambayar ta ƙara nauyi a 'yan shekarun nan, domin abincin da a da sai a Turai ake jin labarinsa ya shigo birnin Kano. Ɗalibin da ya bar Gaya ya tafi birni karatu zai tarar da gidajen abinci masu sayar da boga, wato niƙaƙƙen naman shanu da aka mulmula aka gasa aka sa a tsakanin burodi, da kuma sitek, wato yankan tsoka mai kauri da ake gasawa ɗungurungum. A manyan otal-otal ma har tambayar mutum ake yi yadda yake son a gasa masa: da sauran ja a ciki, ko tsaka-tsaki, ko ya gasu sarai. Amsar da ta dace da sitek ba ita ce ta dace da boga ba, kuma dalilin wannan bambanci shi ne ginshiƙin fahimtar batun baki ɗaya.

Ina ƙwayoyin cutar suke zama?

Cikin tsokar dabba mai lafiya kusan babu ƙwayoyin bakteriya. Mazauninsu shi ne hanji da tumbi da bayan fata. Lokacin fiɗa ne, idan wuƙa ta ratsa fata ko ta huda hanji, ko aka ajiye nama a ƙasa, ko aka wanke shi da gurɓataccen ruwa, suke samun hanyar hawa kan naman. Ke nan a yankan tsoka guda, ƙwayoyin suna kan fuskar naman ne ta waje. Da zarar an ɗora shi a kan wuta, wannan fuska ita take fara shan zafi, mai wuce digiri 100 a ma'aunin santigireti nesa ba kusa ba, sai su mutu cikin ɗan lokaci kaɗan ko da cikin naman bai gama nuna ba.

Injin niƙa nama yana rushe wannan tsari gaba ɗaya. Abin da yake waje ya koma ciki, na ciki ya dawo waje, kuma naman dabbobi da yawa yakan haɗu a curi ɗaya. Idan saniya guda ce kawai ta gurɓata, ta shafa wa sauran. Saboda haka tsakiyar boga, inda zafi yake isa daga ƙarshe, tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta daidai da bayanta.

Amurkawa sun koyi wannan darasi da tsada. Akwai wata ƙwayar bakteriya mai suna Escherichia coli, wadda wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, ya fara bayaninta a 1885. Galibin ire-irenta suna zaune lafiya a hanjin mutum ba tare da illa ba. Amma a 1982 aka gano wani nau'inta, mai lamba O157:H7, bayan mutane sun kamu da gudawar jini a jihohin Oregon da Michigan sakamakon cin boga. Wannan nau'i yana zama a hanjin shanu ba tare da ya sa musu ciwo ba, a jikin mutum kuwa yana fitar da dafin da ke yi wa jijiyoyin jini lahani, har ya kan kashe ƙoda, musamman ga ƙananan yara. A farkon 1993 mutane fiye da 700 suka kwanta bayan sun ci bogar da ba ta gasu ba a rassan gidan abinci na Jack in the Box a yammacin Amurka, yara huɗu suka rasu. A 1994 gwamnatin ƙasar ta haramta sayar da ɗanyen niƙaƙƙen naman shanu da aka samu wannan ƙwaya a cikinsa. Abin tsoro game da ita shi ne ba ta buƙatar yawa. Ƙwayoyi ƙasa da ɗari sun isa su kwantar da mutum.

Ƙa'idar da Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka take bayarwa ita ce tsakiyar niƙaƙƙen nama ta kai digiri 71, yankan tsoka guda ya kai digiri 63 sannan a bar shi ya huta minti uku kafin a yanka, naman kaji kuma ya kai digiri 74. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita wa jama'a abin da lamba ɗaya, wato digiri 70. Wannan hukunci na boga ya hau kan duk abin da aka yi da niƙaƙƙen nama, har da cikin samosa da fanken nama da ake sayarwa a kantuna.

Launi ba shaida ba ne

Jan ruwan da ke fita daga nama ba jini ba ne, kamar yadda mutane da yawa suke zato, domin mafi yawan jinin ya riga ya zuba wajen yanka. Ruwa ne haɗe da wani sinadarin furotin mai suna mayogulobin, wanda aikinsa shi ne adana iskar oksijin a cikin tsoka. Zafi yana sauya shi daga ja zuwa ruwan ƙasa, amma ba kullum a kan digiri ɗaya ba. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa kimanin boga ɗaya cikin huɗu takan rikiɗe ta yi ruwan ƙasa tun kafin ta kai digiri 71. A wajen tsire kuwa, garin ƙuli-ƙuli da mai sun riga sun rufe launin naman, ido ba shi da abin dubawa. Gidan abincin da ke sayar da boga ba shi da uzurin rashin mallakar ma'aunin zafi na sokawa cikin nama, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. A gida, inda babu wannan ma'auni, dabarar ita ce a yi curin da faɗi maimakon kauri, a gasa a wuta matsakaiciya, a tsaga mafi kauri a ga yana tururi har tsakiya, babu ja ko kaɗan.

Inda ƙa'idar Turawa ta gaza

Mai karatu zai iya cewa, to ashe ke nan sitek mai ja a ciki ba shi da laifi. Haka littattafan girki na Turai suke faɗa, amma sun faɗi haka ne bisa zaton cewa likitan dabbobi ya duba naman, kuma yana cikin sanyi tun daga mayanka. A garuruwan karkara, inda ake yanka da hantsi a rataye nama a rumfa har yamma, wannan zato ba ya tsayawa.

Sannan akwai abokan gaba da suke zaune a cikin tsokar kanta, ba a bayanta ba. Babba daga cikinsu ita ce tsila, wadda masana ke kira Taenia saginata. Rayuwarta zagaye take yi tsakanin mutum da saniya. Mai ɗauke da ita ya yi bayan gida a gona ko a bakin fadama, ƙwayayenta su manne a ciyawa, saniya ta ci. Tsutsotsin su huda hanjin saniyar, su bi jini su sauka a tsoka, musamman ta muƙamuƙi da harshe da zuciya, su dunƙule cikin wasu fararen ƙulle-ƙulle da ba su wuce girman ƙwayar wake ba. Idan mutum ya ci wannan nama bai nuna ba, cikin wata biyu zuwa uku tsila ta girma a hanjinsa, tsawonta yakan kai mita biyar, wani lokaci ma goma. A yanki irin na Gaya da Ajingi, inda shanu ke shiga gonaki kiwo bayan girbi, kuma dabbobi ke fitowa daga wurare daban-daban zuwa karar Wudil kowace Juma'a, wannan zagaye ba shi da wuyar kammaluwa. Zafin digiri 60 da ya ratsa naman ko'ina yana kashe ƙulle-ƙullen, amma sitek mai ja sosai tsakiyarsa takan tsaya ne wajen digiri 50 da 'yan kai. Haka nan ƙwayar Toxoplasma, wadda ake samu a naman tumaki da awaki, tana iya yi wa ɗan tayi mummunar illa, shi ya sa bai kamata mai juna biyu ta kusanci naman da bai nuna sarai ba.

A nan dole a yaba wa girkin gargajiya. Shanun da suka sha tafiyar kiwo naman jikinsu yana da jijiya da tauri, ba ya laushi sai an daɗe ana dafa shi, lokacin da jijiyar take narkewa ta zama romo mai danƙo. Farfesu da ragadada da dambun nama da suyar layya duk sun wuce digiri 70 da nisa. Tsire ma ana yanka shi fale-fale, wanda ke sa zafi ya ratsa shi da sauri. Balangu ne yake buƙatar lura, domin gunduwa-gunduwa ake gasa shi, kuma idan kasuwa ta buɗe mahauci yakan yi gaggawar sauke wanda bayansa ya yi kyau alhali kusa da ƙashi da saura.

Bayan an sauke daga wuta

Haƙiƙa, yawancin haɗarin tsire ba a kan tukuba yake ba, yana zuwa ne bayan an gama gashi. Wuƙar da ta yanka ɗanyen nama ita ce take yanka gasasshe, a kan katako ɗaya. Hannun da ya karɓi kuɗi shi yake barbaɗa yaji, ya yanka albasa da tumatir da kabeji waɗanda ba za su ga wuta ba. Daga nan sai naman ya zauna a gefe, ba zafi ba sanyi.

Tsakanin digiri 5 da digiri 60 ne bakteriya suke hayayyafa, kuma zafin bazara a ƙasar Kano, wanda yakan kai digiri 40 a watan Afrilu, ya yi musu daidai. Idan yanayi ya yi kyau, ƙwaya ɗaya tana rabuwa biyu duk minti ashirin. Ɗalibi ya ɗauki alƙalami ya lissafa: cikin awa bakwai an yi rabuwa 21, ƙwaya guda ta haura miliyan biyu. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a fili. Ɗumamawa tana taimakawa idan naman ya yi zafi har ciki, amma ba ta maganin komai. Ƙwayar Staphylococcus aureus, wadda ke zama a hanci da fatar mutane da yawa, tana zuba dafi a abinci, kuma wannan dafi ba ya lalacewa ko an mayar da naman wuta. Mutumin da ya kama amai awa biyu ko uku bayan ya ci tsiren da aka ɗumama a gabansa, sau da yawa wannan dafi ne ya same shi. Kilishi yana tsira daga irin wannan ne domin an raba shi da ruwa, amma idan aka naɗe shi da sauran laima a cikin leda, kariyar ta tafi.

Akwai kuma naman da wuta ba ta halatta shi ko kaɗan a fuskar lafiya, wato na dabbar da ciwo ya kayar aka yi saurin yankawa don kada a yi asara. Ƙwayar cutar antaraks, wadda aka tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja ta Jihar Neja a watan Yulin 2023, tana yin wani irin ƙoƙo da gashi na yau da kullum ba ya kashewa, kuma mai fiɗa yana iya kamuwa tun kafin a kai ga ci.

Idan wutar ta yi yawa

Mai cewa a ƙara wa nasa wuta har ya yi baƙi, shi ma yana da nasa lissafin. Ƙamshi da launin gashi suna fitowa ne daga haɗuwar sukari da furotin a kan zafi mai tsanani, abin da Bafaranshe Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Idan aka zarce nan nama ya fara zama gawayi, wasu sinadarai na daban ne suke samuwa. A 1977 Takashi Sugimura da abokan aikinsa a Japan suka gano cewa ƙonannen bayan kifi da nama yana ɗauke da sinadaran da ke lalata ƙwayoyin gado. Kitsen da ke ɗiga a kan garwashi kuma yana tashi da hayaƙi mai ɗauke da irin sinadaran da ke cikin hayaƙin taba, ya dawo ya manne a naman. An tabbatar suna haddasa ciwon daji a dabbobin gwaji. A jikin mutum kuwa illar tana taruwa ne a hankali cikin shekaru, ga wanda ya mayar da ƙonannen nama abincin kullum. Ba a kwatanta girman wannan haɗari da na ɗanyen boga, wanda ke iya kashe yaro cikin mako biyu.

Abin sha'awa shi ne tukubar gargajiya ta fi wayar gashi a wannan fanni. Tsinkayen suna tsaye ne a gefen wuta, kitsen yana gangarowa cikin toka maimakon ya faɗa kan garwashi, zafin kuma yana ratsa naman sannu a hankali. Mai gasa balangu a kan waya zai iya samun kusan wannan sakamako idan ya jira harshen wuta ya mutu sai jan garwashi, ya ɗaga wayar sama kaɗan, ya rage kitse, yana yawan juyawa, ya kuma kankare inda ya ƙone kafin ya naɗe wa mai saye. Wutar da aka hura da leda ko roba ko tsohuwar taya kuwa, kamar yadda wasu ke yi wajen babbake kai da ƙafa, hayaƙinta bai kamata ya taɓa abin da za a ci ba.