Me Ya Hana Jam'iyyar Leba Shiga Gonakin Arewacin Kano?

Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, NLC, ce ta haifi jam'iyyar Leba a 2002, zamanin shugabancin Adams Oshiomhole, domin ma'aikaci ya daina kuka daga bakin ƙofa, ya shiga a dama da shi. In ban da kujerar gwamnan Ondo da Olusegun Mimiko ya hau a 2009, ba ta taɓuka abin kirki ba sai 2023, lokacin da ɗan takararta na shugaban ƙasa, Peter Obi, ya samu ƙuri'a sama da miliyan 6. Amma a jihar Kano ko dubu 30 bai kai ba, alhali Kwankwaso ya doshi miliyan ɗaya. A ganina, babban dalili shi ne jam'iyyar ba ta san mai aikin da ya fi yawa a nan ba.

A dubi magidanci a ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa, Kunci ko Tsanyawa, inda gona ke jikin gona, rabon gado ya tsattsaga ta, babu sauran saurar da za a bari ta huta. Da rani yakan yi ta jigilar takin gida a mangalar jaki yana zubewa tsibi-tsibi. Da damina ya shuka gero da dawa, ya sa wake a tsakani. In ya gama noman fari a tasa, sai ya saɓa fartanya ya tafi ƙodago gonar mai hali, a biya shi da yamma. Kaka na wucewa ya nufi birni cirani. Wannan bawan Allah ba shi da albashin da za a cire kuɗin ƙungiya a ciki, in kuma ya ce zai yi yajin aiki, geronsa ciyawa za ta cinye. Da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 a 2024, gwamnatin Kano ta sa nata dubu 71, malamin firamare da ma'aikacin ƙaramar hukuma sun ɗan sarara, kuma haƙƙinsu ne. Shi kuwa manomin, dokar ma ba ta shafi aikin gona na damina ba.

Wani zai ce ai ƙabilanci da addini ne suka hana a zaɓi Obi. Ba a rasa nono a ruga, amma tun kafin zuwansa Leba ba ta da reshe mai rai a waɗannan garuruwa. Kuma tarihi ya nuna talakan Kano ba ya gudun siyasar marasa ƙarfi. Shi ya sha ɗauri da bulala saboda jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950. Shi ya ba PRP ta Malam Aminu Kano mulkin jiha a 1979, jam'iyyar da Michael Imoudu, jagoran yajin aikin 1945 kuma mutumin kudu, ke cikin shugabanninta. Gwamnanta Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, sannan a 1980 ya ba da hutun ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu, shekara guda kafin gwamnatin tarayya. Manomi da makiyayi da ɗan albashi kowa ya ga rabonsa a tafiya ɗaya.

Abin da Leba ta kasa ke nan. Tana da abin faɗa a kan fansho da ƙarin girma, amma ba a ji ta a kan farashin buhun taki, ko man injin ban ruwa a madatsun Watari da Tomas tun da aka cire tallafin mai a 2023, ko yadda manomi ke karyar da hatsinsa da kaka, 'yan sari su kwashe zuwa kasuwar Dawanau, ya dawo ya saya da tsada a tsakiyar damina.