Gashin Ciki Bisa Hoto: Abin da Mai Sankarar Bakin Mahaifa Ke Buƙata a Ƙasar Gobir

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna mata sama da 12,000 na kamuwa da sankarar bakin mahaifa duk shekara a Nijeriya, kusan 8,000 kuma na rasuwa. Sau da yawa macen Kurawa ko Isa ba ta zuwa asibiti sai jini ya ƙi tsayawa, lokacin ciwon ya fi ƙarfin tiyata. Sai gashi, wato ƙona ƙarin sankarar da na'ura.

Gashin iri biyu ne. Ana farawa da na waje, kimanin mako biyar, haɗe da maganin cisplatin. Sannan na ciki: a zura siririn bututu cikin mahaifa, na'ura ta tura ƙwayar iridiyam ko kobalt ta tsaya dab da ƙarin na 'yan mintuna. Wadda ba a yi mata na cikin ba, damar warkewarta na raguwa ƙwarai.

A tsohon tsarin da aka fito da shi a Ingila a 1938, a gurbi ɗaya ake auna ƙarfin gashin, santimita 2 sama da bakin mahaifa, 2 zuwa gefe, ko ƙarin babba ne ko ƙarami. Babban ƙari kan samu ƙasa da abin da zai kashe shi, mafitsara da dubura kuwa su sha ƙuna. Daga 2005 ƙwararrun Turai suka shimfiɗa sabuwar ƙa'ida: a ɗauki hoton MRI bayan an sa bututun, likita ya zana iyakar ƙarin da gaɓoɓin da ke kewaye, kwamfuta ta lissafa inda ƙwayar za ta tsaya da daɗewarta. Binciken EMBRACE da aka wallafa a 2021 kan mata fiye da 1,300 da aka yi wa gashi bisa wannan ƙa'ida ya gano cewa kashi 92 cikin 100, ciwon bai sake tsirowa a wurin ba cikin shekara biyar. Inda babu MRI, hoton CT na taimakawa.

Amma dole a kammala duka cikin mako takwas. Ga mutumin Sabon Birni, wannan na nufin zaman wata biyu a Sakkwato, kusa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Shika a Zariya, ga tsadar masauki, ga fargabar hanya.

Gwamnati da masu hali su tanadar wa waɗannan mata masauki da kuɗin hoto. Iyaye kuma a kai 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa wannan sankara, wanda aka fara bayarwa kyauta a Nijeriya a 2023.