Kiwon Aksolotil A Ƙasar Waje: Abin Da Ya Kamata Baƙo Ya Sani Kafin Ya Saya

Duk wanda karatu ko aiki ya kai shi Turai ko Amurka ya san irin kaɗaicin da ke damun baƙo, musamman da hunturu, sa'ad da rana kan faɗi tun ƙarfe huɗu, kowa ya shige ɗaki ya kulle ƙofa. Mutumin da ya saba da carar zakara da kukan akuya a tsakar gida sai ya tarar da kansa a ɗakin haya shi kaɗai, mai gidan kuwa sau da yawa ya riga ya rubuta a takardar yarjejeniya cewa ba a yarda da kiwon kare ko kyanwa ba. Irin wannan hali ne kan kai wasu baƙi kantin sayar da dabbobin gida, inda sukan yi kiciɓis da wata halitta kwance a akwatin gilashi cike da ruwa, fuskarta kamar mai murmushi. Sunanta aksolotil.

Ita dai aksolotil dangin kwaɗo ce, ko da yake siffarta ta fi kama da ta ƙadangare, da ƙafa huɗu da doguwar wutsiya, tsawonta kuwa yakan kai santimita 25. Abin da ya bambanta ta da 'yan'uwanta shi ne ba ta barin ruwa har ta mutu. Ɗan kwaɗo yakan fara rayuwa a ruwa, in ya girma ya sāke kama ya hau tudu. Ita kuwa takan balaga har ta hayayyafa alhali tana nan da siffar ƙuruciya, da wasu geza uku-uku a kowane gefen kanta waɗanda take numfashi da su. Wani abin al'ajabi kuma, in ƙafarta ko wutsiyarta ta guntule, sabuwa takan tsiro, da ƙashi da jijiya da tsoka, ba tare da tabo ba. Wannan baiwa ce ta sa masana suka daɗe suna nazarinta, har a 2018 suka bayyana cewa tsarin gadon halittarta ya ninka na ɗan Adam wajen sau 10.

Asalinta ƙasar Meziko ne, a tafkunan da ke kwarin babban birnin ƙasar, yau kuwa ba a samunta a dawa sai a magudanan ruwa na Xochimilco, wanda ake furtawa Socimilko. Mutanen Aztek ne suka raɗa mata suna, daga sunan wani abin bautarsu, Xolotl, wanda tatsuniyarsu ta ce ya rikiɗa ya faɗa ruwa don gudun mutuwa. A 1864 aka kai guda 34 birnin Paris, inda masani Auguste Duméril ya shiga kiwon wasu daga cikinsu, daga nan zuriyarsu ta bazu zuwa ɗakunan bincike da gidajen mutane a faɗin duniya. Farin jininta ya ƙaru ƙwarai a 2021, shekarar da aka saka ta a wasan kwamfuta na Minecraft, aka kuma buga hotonta a sabuwar takardar kuɗin Meziko ta peso 50.

To, wanda ya yi niyyar saye, abu na farko da zai bincika shi ne dokar inda yake zaune. A Amurka, alal misali, jihohin Kalifoniya da New Jersey da Maine sun hana ajiye ta, don gudun kada ta kuɓuce ta cuɗanya da dabbobin wurin. Baƙon da ke zaune da biza bai kamata ya jawo wa kansa rigima da hukuma a kan dabbar ado ba.

Abu na biyu shi ne haƙuri, domin ba a sayen akwati da dabba rana ɗaya. Kashin aksolotil yana sakin sinadarin amoniya a ruwa, shi kuwa guba ne gare ta. Sai an bar akwatin da ruwa, na'urar tacewa tana aiki, na tsawon mako 4 zuwa 8, har wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani su yaɗu a cikin matatar, su ne za su riƙa kashe kaifin gubar. Sabbin masu kiwo da yawa a nan suke yin asara, don sukan zuba dabbar a sabon ruwa saboda ɗoki. Akwatin dabba ɗaya bai kamata ya gaza lita 75 ba, wanda ya kai lita 100 ya fi. Ruwan famfo kuma sai an sa masa maganin kashe kulorin, sa'an nan a riƙa canza kimanin kashi ɗaya cikin biyar na ruwan kowane mako.

Abu na uku, wanda ya fi sauran wuya, shi ne sanyi. Aksolotil ta fi jin daɗin ruwa mai digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin santigired. In ya haura 24 ya daɗe a haka, sai ta daina ci, cuta ta kama ta, wata sa'a har ta mutu. Ɗakin da ake kunna wa abin ɗumama da hunturu, ko wanda ke saman bene a lokacin zafi, yana iya wuce wannan iyaka, don haka wasu sukan sayi na'urar sanyaya ruwa, wadda kuɗinta kan fi na dabbar nesa ba kusa ba.

Sauran ƙa'idodin ba su da wuyar kiyayewa. Ba a shimfiɗa tsakuwa a ƙasan akwati, domin tsotsar abinci take yi, tana iya haɗiye tsakuwar ta toshe mata ciki. Yashi mai laushi ya fi, ko a bar gilashin haka nan. Ba ta da fatar ido, saboda haka ba ta son haske mai ƙarfi, tana bukatar wurin ɓuya. Abincinta tana ce, wadda ake ba babba sau biyu ko uku a mako. Ba a haɗa ta da kifi, don yakan tsattsage mata geza, ba a kuma ɗaukarta a hannu, don fatarta ba ta da ƙwari. Namiji da mace in suka haɗu, ƙwai ɗaruruwa ne. A 2022 masu ceton dabbobi a ƙasar New Zealand sun koka da yawan aksolotil da ake kawo musu daga gidajen da suka hayayyafa har suka fi ƙarfin masu su.

Akwai kuma tambayar da ta shafi baƙo fiye da ɗan gari. Aksolotil takan yi shekara 10 zuwa 15 in ta sami kulawa, karatun digiri kuwa shekara uku ne ko huɗu. In lokacin komawa gida ya yi, ina za a kai ta? Tana cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido, ba a ƙetare iyakar ƙasa da ita sai da takardar izini. Ko an sami izinin, wanda zai koma Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin bazara kan haura digiri 40, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas, ya san ruwa mai digiri 18 ba zai samu dare da rana ba sai da kashe kuɗi masu yawa. Sakinta a kogi ko tafki kuwa laifi ne a ƙasashe da dama. Hanyar da ta rage ita ce tun kafin saye mutum ya san wanda zai karɓe ta, ko maƙwabci ko ƙungiyar masu kiwo.

Yana da kyau mai saye ya san halin da 'yan'uwan dabbarsa ke ciki a mahaifarsu. Binciken masanan babbar jami'ar ƙasar Meziko ya nuna cewa a 1998 akwai kimanin 6,000 a kowane murabba'in kilomita na ruwan Xochimilco. A 2008 suka koma 100. A 2014 kuwa ba su kai 40 ba. Tun 2006 ƙungiyar IUCN ta sa ta cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Dalilan su ne bunƙasar birni, da ƙazantar ruwa, da baƙin kifayen da aka zuba don samar da abinci, ciki har da karfasa, wadda asalinta Afirka ne, suna cinye ƙwai da 'ya'yanta. Na gida ba za su cike wannan giɓi ba, domin yawancinsu zuriyar 'yan ƙalilan ne, jininsu kuma ya gauraya da na wata 'yar'uwarta ta Amurka da masana suka haɗa su aure. Shi ya sa masanin jami'ar, Luis Zambrano, da abokan aikinsa suka haɗa kai da manoman yankin, suna killace wasu magudanan ruwa da matata don hana kifi shiga.

Saboda haka, wanda ya auna dokar gari da aljihunsa da tsawon zamansa ya ga zai iya, sai ya nemi mai kiwo amintacce, ya tabbata a akwati aka haifi dabbar, ya kuma shirya ruwa tun makonni kafin ya kawo ta. Wanda ya ga ba zai iya ba, gidajen ajiye halittun ruwa na manyan birane da dama suna da ita, yana iya zuwa ya kashe kwarkwatar idonsa ya koma ɗaki ba tare da ya ɗauki alhakin rai ba.