Harshen da aka daina yi wa yara

Ranar kasuwa a Madawa, ko Buza, ko Keita, kunne yana jin harsuna iri-iri. Ga Hausa, ga Tamajak na Buzaye, ga Fulatanci. A cikin aji kuma ga Faransanci. Harsunan da ke zaune wuri ɗaya sukan ari kalmomin juna, kamar yadda maƙwabta ke aron turmi. Mu ma mun ara: lakwal, da mushe, da kaye, duk daga Faransanci suka fito. Amma aron bai hana Hausa zama Hausa ba.

Wani lokaci abin yakan wuce aro, har a haifi sabon harshe. Bari mu ƙetare teku mu ga yadda aka yi a Luwiziyana, wata jiha da ke kudancin Amurka.

Da can Faransawa ke mulkin Luwiziyana. Daga shekarar 1719 suka fara kai bayi can daga Afirka, da yawansu daga yankin kogin Senegal da na Gambiya. Akwai Wolof, akwai Bambara, akwai wasu kabilu. Wannan ba ya jin harshen wancan, ubangidan gona kuwa Faransanci yake yi. To, yaya za a yi magana? Sai suka ɗauki kalmomin Faransanci, suka jera su bisa wani sabon tsari. Ƴaƴansu suka tashi da wannan magana, ta zama harshen da suka sha a nono. Irin wannan harshe ake kira Kiriyol.

Ku da kuke fama da haddar aikatau na Faransanci, ku duba nan. Bafaranshe yana cewa «je mange, je mangeais, je mangerai», wutsiyar kalma tana ta canzawa. Mai Kiriyol na Luwiziyana kuwa cewa yake «m'apé manjé, mo té manjé, m'a manjé». Kalmar ci tana nan yadda take, ƴar ƙaramar kalma ce ake sa mata a gaba don a nuna lokaci. Ba ku ga kama da namu ba? Ina ci, na ci, zan ci. Masu harshen suna kuma kiransa Kuri-Vini, daga kalmominsu biyu na tafiya da zuwa.

Bayin nan ba su tafi da kaya ba, amma sun tafi da tatsuniya. A Luwiziyana ana ba da labarin Buki, wawa mai kwaɗayi, da Zomo mai wayo wanda kullum yake cutarsa. Buki kuwa sunan kura ne da harshen Wolof. A can babu kura ko ɗaya a daji, amma sunanta ya rayu cikin bakin tsofaffi. Wani malami, Alcée Fortier, ya tattara irin waɗannan tatsuniyoyi ya buga su a 1895.

Faransa ta sayar wa Amurka da Luwiziyana a 1803. A 1921 dokar jihar ta ce da Ingilishi za a riƙa koyarwa a lakwal. Yaron da ya yi Kiriyol ko Faransanci sai a hore shi. (Ku tambayi tsofaffin da suka yi lakwal a nan zamanin Nasara labarin sambol, wanda ake rataya wa yaro in an kama shi yana Hausa.) Aka kuma riƙa ce wa masu Kiriyol wai gurɓataccen Faransanci suke yi. Wannan magana ta fi bulala ɓarna. Yaran da suka sha kunya suka girma, suka haihu, suka ce ƴaƴansu ba za su sha irinta ba, sai suka riƙa yi musu Ingilishi kaɗai. Yau masu jin harshen ba su kai 10,000 ba, galibinsu tsofaffi.

Jikoki ne suka farka. An buga ƙamus na harshen a 1998. A 2017 aka fitar da littafin koyo mai suna Ti Liv Kréyòl, wato ƙaramin littafin Kiriyol. Matasa suna koyonsa ta intanet, suna rubuta waƙoƙi da shi. Aiki ne mai kyau, sai dai mai wuya: wanda ya koyi harshe daga takarda bayan ya girma bai kai wanda ya ji shi a bayan uwa ba.

Kada ku ce wannan labarin nesa ne. A Nijar ba mu da Kiriyol na Faransanci, amma muna da harshen da aka haifa ta hanyar cuɗanya. A Ingal, garin dabino, da Tegidda inda ake yin gishiri, ana yin Tasawak. Gininsa na Sanwai ne, dangin Zabarmanci, amma ya cika da kalmomin Tamajak. Dokar 2001 ta sa shi cikin harsunan ƙasa guda 10.

Tasawak yana da ɗan'uwa a Agadas. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka garin a 1850, ya tarar ƴan gari suna yin wani harshe irin na Sanwai, har ya rubuta kalmominsa. Yau babu mai yinsa. Ba Faransanci ya kore shi ba. Hausa ce, harshen kasuwa da fatauci, ta shiga gida bayan gida har ta gaje wurinsa. Ya kamata mu Hausawa mu san wannan.

Ga wani kuma kusa da mu ƙwarai. Arewa da Keita, wajen Abalak da Akubunu, wasu Buzaye da ake kira Ayttawari suna da harshensu na gida, Tetserret. An daɗe ana tsammanin wani karin Tamajak ne. Da masana suka saurara da kyau, sai suka ga harshe ne dabam, kuma ɗan'uwansa na kusa, Zenaga, yana can Muritaniya. Wata masaniya Bafaransa, Cécile Lux, ta kammala babban nazari a kansa a 2011. A lokacin nan manya suna yinsa tsakaninsu, amma an riga an daina yi wa yara, Tamajak ake yi musu. Ba ya cikin harsuna 10 na dokar 2001. Ba ya kuma cikin biyar ɗin da aka sa a makarantun gwaji irin tamu, waɗanda aka fara a Damagaram a 1973: Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci.

Aiki: In akwai mai wani harshe a ajinku, ya ƙirga muku daga 1 zuwa 10, ku rubuta a kaye. A gida kuma ku roƙi kaka ta yi muku tatsuniyar kura. Ku rubuta ta da irin Hausar da ta yi, kada ku gyara mata ko kalma ɗaya. Ku ja layi ƙarƙashin kalmomin da ku ba ku faɗi, ku kawo wa mushe ranar Litinin.