Baƙon da Ya Zo da Tabarmarsa

Duk wanda ya tashi a Fagge ya san Asibitin Zana. Can ake garzayawa da mutum idan amai da gudawa ta ɓarke da damina, ko ƙyanda da sanƙarau suka shigo da bazara. Irin ciwon da muka saba da shi ke nan: ya zo da hayaniya, ya kayar da mutum, cikin mako biyu ko dai a sallamo shi ana barka da arziki, ko a yi masa sutura. A kan wannan aka gina asibitocinmu, a kansa kuma tunaninmu ya ginu. To amma yanzu wani baƙo ya shigo unguwa ba sallama, ya shimfiɗa tabarmarsa, ba shi da niyyar tafiya. Hawan jini, ciwon suga, ciwon ƙoda, ciwon zuciya, asma, ciwon daji: ba a ɗaukar su daga kowa, allurar kwana uku kuma ba ta korar su.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa waɗannan cututtuka na kashe kimanin mutum miliyan 41 duk shekara, wato kusan kashi 74 cikin 100 na mace-macen duniya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na mamatan a ƙasashe matalauta da masu tasowa suke. Rahotonta na 2018 ya ɗora musu kashi 29 cikin 100 na mace-macen Najeriya. Mu Kanawa ba ma buƙatar rahoto. A watan Afrilun 2020, da maƙabartu suka cika da dattawa, hawan jini da suga na cikin abin da hukumomi suka fara ambata. Daga baya aka ce korona na da hannu a kusan rabi ko fiye, sai dai ta fi yin ɓarna a jikin da waɗannan cututtuka suka riga suka cinye ta ciki.

Da can ana ce musu ciwon masu kuɗi. Wanda har yanzu yake faɗin haka ya zo Kantin Kwari ya wuni.

Ina da kawu mai shago a can. Da safe teburin mai shayi, kofi cike da madara da suga har cokali ya kusa tsayawa, ga burodi, ga indomi da ƙwai. Ya hau adaidaita daga ƙofar gida zuwa bakin kasuwa, tafiyar da mahaifinsa ke yi a ƙafa. Ya zauna kan dilar atamfa daga ƙarfe goma har la'asar sakaliya, ba abin da ke motsi sai bakinsa da wayarsa. Da rana shinkafa da miya mai jan mai, a kora da lemon kwalba mai sanyi, wanda rabin lita ɗinsa ke ɗauke da suga fiye da cokalin shayi 10. Da dare tsire. Da tumbi ya fito sai abokai suka ce kasuwa ta karɓe shi.

Wata Juma'a yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace. Kafin a kai shi asibiti an kwana biyu ana tofi da hayaƙi, domin kowa ya haƙiƙance jifa ne daga maƙwabcin shago. Ba na raina addu'a, amma a shanyewar ɓarin jiki awannin farko su ne komai. Da likita ya auna, jinin ya zarce ɗari biyu. Ashe an taɓa gaya masa shekara uku da suka wuce. Na ce, "Kawu, ina maganin da aka rubuta maka?" Da ƙyar ya haɗa kalmomin: "Ɗana, ai na sha wata guda na warke."

Nan gizo ke saƙar. Mun ɗauki hawan jini kamar zazzaɓin cizon sauro: a sha magani, a ji daidai, a ajiye. Alhali shi ba ya ciwo. Mutum na iya shekara goma awonsa na sama da 140 bisa 90 yana dariya yana ciniki, jinin kuwa na dukan ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da ido, kamar ruwan da ya fi ƙarfin tiyo. Suga ma haka take cin jijiyoyi a hankali, har ƙafa ta daina jin ƙaya, ƙaramin rauni ya zama gyambo, gyambo ya kai ga yankewa. Maganin ba ya kashe ciwon, ɗaure shi yake yi, ranar da aka daina sha igiyar ta kwance.

Talaka kuma nasa ya fi muni. Ɗan dako a Kasuwar Singa ba ya rasa motsa jiki, amma kullum da yamma sai ya tsaya kemis a haɗa masa maganin ciwon jiki, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙullin leda, waɗanda yawan shan su ke lalata ƙoda. Matarsa, da nama ya gagara, sai ta cika miya da ɗunƙule, wanda kusan rabinsa gishiri ne, bayan likitoci sun ce kada gishirin mutum na wuni ya kai giram 5, ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Daddawa fa an mayar da ita abin ƙauye. Ƙara da hayaƙin janareto a layukan Sabon Gari, da na gawayi a ɗakin girki.

Sai batun kuɗi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majiyyaci yake fita, kuma tun 2023 da darajar naira ta faɗi farashin insulin da abin shaƙa na masu asma ya yi tashin gwauron zabo. Zazzaɓi sau ɗaya yake cin kuɗinka, wannan kuwa duk wata ne har ƙarshen rai. Idan ƙoda ta tsaya, wanki sau biyu ko uku ne a mako. A bakin sashen wankin ƙoda za ka ji labarin fili da mota da shago da aka sayar ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa mai lasifika a bayan mota, wanda ke rantsuwa cewa gora ɗaya za ta wanke suga tas, ba ya rasa masu saye. Gwamnati ta sa harajin naira 10 kan kowace litar lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, amma naira goma yau ko ruwan leda ba ta saye. Kano na da hukumar taimakekeniyar lafiya da aka yi wa doka a 2016, sai dai ma'aikatan gwamnati ta fi tattarawa, ɗan kasuwa da ɗan dako yawancinsu na waje.

Awon jini kuwa minti biyu ne. Da ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kwari da na kasuwar Abubakar Rimi za su ajiye na'ura da ma'aikacin jinya a kowane layi, kuɗin bai kai na lemon walima ɗaya ba. Kawu yanzu yana takawa da sanda, ya koyi ƙirga kuɗi da hagu. Na'urar awo na nan cikin durowar shagonsa kusa da littafin bashi, kuma duk abokin da ya zo gaisuwa sai ya naɗe hannun riga kafin a kawo masa ruwa. Maƙwabcin nan da aka zarga da jifa, nasa 170 ya nuna.