Duwatsun da Suka Nutse Suka Dawo

Wanda ya tashi daga Daura ya nufi Kano, zai fara ratsa ƙasa mai rairayi, inda ake noman gero da gyaɗa. Amma in ya kusa Kazaure sai ya ga duwatsu sun yi jere. Waɗansu farare ne masu tauri, waɗansu kuwa suna ɓarewa falle-falle kamar takardun littafi.

Masana sun ce da can waɗannan duwatsu yashi ne da laka da suka kwanta a ƙarƙashin ruwa. Zafi da matsi suka rikiɗar da su, kamar yadda wuta ke mai da yumɓu tukunya. To, ina suka sami wannan zafi da matsi?

Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne. A rarrabe yake kamar sakaina, kuma kowane ɓangare yana tafiya a hankali, saurinsa kusan kamar na tsiron farce ne. Fiye da shekara miliyan 600 da suka wuce, akwai wani babban teku yamma da inda ƙasar Hausa take yanzu. Ɓangarori biyu suka yi ta matsowa kusa da juna, gindin tekun yana nutsewa ƙarƙashin ɓangaren gabas, har tekun ya rufe. Da suka yi karo, sai ƙasa ta tattare, manyan duwatsu suka taso tun daga Aljeriya har Togo. Iska da ruwan sama sun cinye su. Duwatsun Kazaure saiwoyinsu ne da suka rage.

A daidai bakin mahaɗar, waɗansu duwatsu sun nutse ƙwarai. A ƙasar Gurma ta Mali, kusa da kogin Kwara, da kuma kudancin Togo, ana samun wani dutse mai nauyi, kore, da ɗigo-ɗigon ja. Sunansa ekilojait, kuma ba ya samuwa sai inda matsi ya tsananta. A shekarar 1994 wani masani Bafaranshe, Renaud Caby, ya ba da labarin wani ma'adini da ya gani a duwatsun Gurma, wanda ya nuna sun kai zurfin wajen mil 60 kafin motsin ƙasa ya komo da su sama. Ba rijiyar da ɗan Adam ya taɓa haƙawa da ta kai ko mil 8.

Sanin wannan yana da amfani. Ruwa mai zafi da ya bi tsagogin duwatsun a wancan zamani ya bar zinariya a Anka da Maru da Birnin Gwari. Amma a waɗansu wurare ya bar dalma tare da ita. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, domin ana dakan dutsen zinariya a cikin gidaje. Saboda haka dutsen ma'adini ba abin wasan yara ba ne.

Tambayoyi
1. Da mene ne aka kwatanta ɓawon duniya?
2. A waɗanne ƙasashe ake samun ekilojait?
3. Don me bai kamata a daka dutsen zinariya a gida ba?